Daga Jakar Wasiƙunku: Shin Bam Na Iya Rufe Rana, Ya Hana Damina?

A wannan fili muke kawo muku a rubuce amsoshin da kuka ji a rediyo, don wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kan hanyar kasuwa.

Wasiƙu biyu muka haɗa a makon nan, don tafiyarsu ɗaya. Ta farko daga wani dattijo ce, manomi a wajen Kujama, jikansa ya rubuta masa. Ya ce tun yana yaro yake jin manya na cewa tun da Faransa ta fasa bam a Sahara damina ta lalace. Yana so ya ji ko gaskiya ne. Ta biyu kuwa daga wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a kasuwar Monday ta Kakuri. Ya ce ya ji an ce in manyan ƙasashe suka gwabza da makaman nukiliya, rana za ta rufe, a yi shekaru ba a girbe ko zangarniya ba. Abokan zamansa a rumfa sun ce tsoratarwar Turawa ce kawai.

To, Baba da Alhaji, mun gode da wasiƙunku. Bari mu ɗauki abin daki-daki.

Bam ɗin Sahara

Baba, maganar da ka ji tana da tushe. Ran 13 ga watan Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da garin Reggane, a hamadar ƙasar Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkinta. Daga can zuwa Kano bai kai kilomita 2,000 ba. Ƙarfin bam ɗin ya ninka wanda Amurka ta jefa wa Hiroshima wajen sau huɗu. Ka kuma duba watan da aka zaɓa: Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga hamada zuwa kanmu.

Shi ya sa tun kafin a fasa shi hankalin mutanen ƙasar nan ya tashi. A 1959 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je London ya kai kuka, don a lokacin ba mu sami mulkin kai ba. A Ghana, Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa bayan gwajin farko. Faransa dai ta yi kunnen uwar shegu. Ta sake gwaji ran 1 ga Afrilu, ta kuma sake ran 27 ga Disamban 1960. A nan tura ta kai bango. A farkon Janairun 1961, Nijeriya tana 'yar wata uku da samun 'yanci, ta kori jakadan Faransa Raymond Offroy daga Legas, ta hana jiragen sama da na ruwa na Faransa sauka a ƙasarta. Gwaji huɗu Faransa ta yi a sarari a Reggane, sa'an nan ta yi 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker har zuwa 1966.

Tsoron magabatanmu ba na banza ba ne. Wata taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda jaridu suka buga a 2014, ta nuna ƙurar gwajin farko ta bazu har Nijar da Chadi da Mali, ta gangara har gaɓar teku. Mutanen yankin Reggane kuwa har gobe suna neman hakkinsu game da cututtukan da suka biyo baya.

Amma Baba, guba daban, ruwan sama daban. Bayan gwajin, an ci gaba da samun damina mai kyau shekaru da dama. Ruwa bai soma ja da baya sosai ba sai ƙarshen shekarun 1960, kafin babban farin 1972 zuwa 1973, da na 1983 zuwa 1984. Daɗin daɗawa, tsakanin 1945 da 1980 an fasa bama-bamai fiye da 500 a sarari a sassan duniya. Wanda Tarayyar Sobiyet ta fasa a watan Oktoban 1961 kaɗai ya ninka na Reggane sau ɗaruruwa. Duk da haka rana ba ta rufe ba. Me ya sa? Saboda a hamada da tsibirai da bisa teku aka fasa su, inda babu abin da zai ci wuta. Riƙe wannan magana, ita ce mabuɗin amsar Alhaji.

Ba ƙarar bam ba, hayaƙin gari

Alhaji, kai da ke Kakuri ka san unguwar a zamanin da masaƙu ke aiki: rumbunan auduga, da dilolin atamfa, da man injuna. Ƙara da tankokin matatar mai da aka buɗe a 1980, da gidajen mai, da tayoyi, da robobi, da katifu, da kwaltar titi. Allah ya kiyaye, a ce duk wannan ya kama wuta lokaci guda, babu mai kashewa. To yanzu ƙiyasta birane ɗari, kowanne ya ninka Kaduna dukiya da man fetur, suna ci rana ɗaya. Wannan hayaƙi shi ne abin da masana suke gardama a kansa.

Kowa ya san hazon hunturu. Ƙura ce daga hamada, musamman daga kwarin Bodele a Chadi. In ta yi kauri sai ka dubi rana da ido kamar faifai, gari ya yi sanyi, jirgi ya kasa sauka. Amma ƙura fara ce, tana da nauyi, ba ta hawa can ƙololuwa, kwana kaɗan ta lafa. Baƙin hayaƙi, irin kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafa, halinsa daban. Baƙin abu yana shan zafin rana, kamar yadda baƙar riga ke dafa mutum a bazara. In ya sha zafi sai ya dumama iskar da ke kewaye da shi, ya ƙara tashi. In har ya wuce inda gajimare ke haɗuwa, ya kai kilomita 15 ko 20 ko fiye, to babu ruwan da zai wanke shi. Sai iska ta shimfiɗa shi bisa duniya, ya yi shekaru yana tare rana.

Yadda gardamar ta taso

A 1982 masana biyu, Paul Crutzen ɗan ƙasar Holan da John Birks Ba'amurke, su ne suka fara jan hankali cewa an daɗe ana lissafin ƙarfin bam da gubarsa, an manta da hayaƙin gobarar da zai tayar. A 1983 wasu masana biyar na Amurka, cikinsu har da Richard Turco da Brian Toon da fitaccen masanin taurari Carl Sagan, suka sa lissafin a kwamfuta. Sakamakonsu ya girgiza duniya: in Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi yaƙi gadan-gadan, tsakiyar manyan nahiyoyi zai yi sanyin da ruwa ke daskarewa ko da a lokacin zafi, har tsawon watanni. Suka laƙaba wa abin suna hunturun nukiliya. A Mosko ma Vladimir Aleksandrov da Georgiy Stenchikov suka yi nasu lissafin, ya fito kusan haka.

Nan fa siyasa ta shigo. Lokacin Shugaba Ronald Reagan na ƙara tara makamai, a watan Maris na shekarar ma ya ba da sanarwar shirin kakkaɓo rokoki daga sararin samaniya. Sagan bai jira mujallar masana ta buga binciken ba, sai ya kai maganar wata mujallar ranar Lahadi da miliyoyin mutane ke karantawa, yana kiran a rage makamai. Abokan hamayya suka ce ya kai kaya kasuwa tun ba a auna ba. Edward Teller, wanda ake kira uban bam ɗin haidurojin, ya ce an yi gaggawa, lissafin cike yake da zato. Wasu suka ce ai Sobiyet ce ke rura maganar don ta karya gwiwar Yammacin Turai. Ma'aikatar tsaron Amurka kuwa a 1985 ta yarda abin na iya faruwa, amma ta ce wannan dalili ne na ƙara ƙarfin makamai don kada wani ya kuskura ya fara. Kun ji yadda hujja ɗaya ta zama sandar kowa.

A 1986 masana biyu, Starley Thompson da Stephen Schneider, suka sake lissafin da kwamfutar da ta sa teku a ciki, don teku na riƙe ɗumi. Suka ce sanyin ba zai kai yadda aka faɗa da farko ba. A maganarmu ta nan, sanyin shigowar kaka ne, ba tsakiyar hunturu ba. Jaridu da yawa suka ruga suka ce an ƙaryata Sagan. Amma su masu binciken ba su ce babu haɗari ba. Manomi ya fi kowa gane wannan. Ba sai ƙanƙara ta rufe gona ake asara ba. Ruwa ya ɗauke mako uku lokacin da gero ke fid da kai, ko sanyi ya sauko dawa ba ta nuna ba, shi ke nan an yi noman banza. Wani babban bincike da ɗaruruwan masana na ƙasashe da dama suka kammala a 1985 ya nuna cewa waɗanda yunwa za ta kashe nesa da fagen yaƙi za su iya fin waɗanda bam zai kashe yawa.

Maganar ta kai kunnen shugabanni. A Janiba a 1985 Reagan da Mikhail Gorbachev suka amince cewa yaƙin nukiliya ba shi da mai nasara. A 1987 suka sa hannu kan yarjejeniyar kawar da rokoki masu cin matsakaicin zango. Daga baya Gorbachev da bakinsa ya ce binciken masanan ɓangarorin biyu na cikin abin da ya tunzura shi. Makaman da suka kai wajen 70,000 a 1986, yanzu sun dawo kimanin 12,000 a hannun ƙasashe tara, kusan kashi 9 cikin 10 na Amurka da Rasha ne.

Darasin Kuwaiti

Alhaji, abokan rumfarka suna da wata hujja, ko da ba su san da ita ba. A 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, sojojin Iraƙi suka cinna wa rijiyoyin mai fiye da 600 wuta a Kuwaiti. Ina firamare a lokacin, mahaifina na aiki a ɗaya daga masaƙun Kakuri. Na tuna wata safiya da hazo ya yi kauri, ma'aikata sun kewaye rediyo a teburin mai shayi, wani ya rantse hayaƙin Saddam ne ya iso Kaduna. Hazonmu ne na kullum, amma tsoron ya shiga ko'ina. Shi kansa Sagan ya fito a talabijin ya ce hayaƙin na iya ɓata noma a kudancin Asiya. Wani masani, Fred Singer, ya ce ba zai kai ba.

Wuta ta yi ta ci har watan Nuwamba. A Kuwaiti rana ta dushe da tsakar rana, gari ya yi sanyi. Amma hayaƙin bai wuce kilomita 6 ba, ruwa da iska suka sauko da shi. Singer ya yi gaskiya, Sagan kuma ya amsa kuskurensa a rubuce. Sai dai masu goyon bayansa sun ce rijiyoyi a warwatse suke, kowace da nata harshen wuta. Birni kuwa in ya kama gaba ɗaya, kamar Hiroshima ran 6 ga Agustan 1945, wutar kan haɗe ta zama guguwa mai tura hayaƙi can sama.

A shekarar dai Allah ya nuna ɗaya gefen. A watan Yuni dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta, tururinsa ya haye bisa gajimare, ya rage zafin duniya da wajen rabin digiri a shekarar da ta biyo. Ashe dai in abu ya kai can sama, yana taɓa kowa.

Inda abin ya shafi daminarmu

Yanzu ku matso, jama'a, a nan maganar ta zo gida. Daminarmu zafi take bi. Hamada ce ke ɗaukar zafi a bazara, ta jawo iska mai laima daga tekun Atlantika, ruwa ya fara daga kudu yana hawowa har Katsina da Maraɗi da Damagaram. In arewacin duniya ya yi sanyi fiye da kudanci, sai ruwan ya maƙale a kudu, ya ƙi hawowa yadda ya saba.

A 2013 masanan hukumar yanayi ta Ingila, ƙarƙashin Jim Haywood, suka duba tarihin ruwan yankin Sahel daga 1900 zuwa 2010. Suka ga cewa uku daga cikin damuna huɗu mafi muni sun biyo bayan aman manyan duwatsu a arewacin duniya. A watan Yunin 1912 dutsen Katmai ya fashe a Alaska. A 1913 damina ta gaza a ƙasar Hausa, a 1914 aka yi yunwar da kakanninmu ke kira Kakalaba. A 1982 dutsen El Chichon ya fashe a Meziko, sai ga farin 1983 da 1984. Ba dutse kaɗai ne sanadi ba. Canjin ɗumin tekuna na da babban hannu, haka kuma bincike ya nuna hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen janye mana ruwa a shekarun 1970 da 1980. To Baba, ka ga manyanka ba su yi kuskure ba da suka ce abin da ake yi a nesa na iya taɓa daminarmu. Mai laifin kawai suka saɓa.

Ku kuma lura da Kakalaba. Ba rashin ruwa kaɗai ya yi kisa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, ga haraji ana karɓa da kuɗi. Fari ya tarar da rumbuna da yawa ba su da ajiya. Yunwa dai da ƙafa biyu take zuwa, ɗaya ta sama, ɗaya ta kasuwa.

Inda aka kwana yau

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 maganar ta kwanta. A 2007 Alan Robock da Brian Toon suka tashe ta da sababbin kwamfutoci. Suka ce ko Indiya da Pakistan kaɗai suka jefi biranen juna da bama-bamai 100 irin na Hiroshima, hayaƙi tan miliyan 5 zai hau sama, zafin duniya ya ragu da fiye da digiri ɗaya, a ɗauki shekaru kafin a warware. A 2018 masanan cibiyar Los Alamos, inda Amurka ta ƙera bam ɗinta na farko, suka ce a'a, galibin hayaƙin ba zai kai can ba. Aka yi ta musayar raddi a mujallu. Ana cikin haka gobarar dajin Kanada ta 2017 ta tura hayaƙi har kilomita 23, ya yi wata takwas a sama, ta Ostireliya ta 2019 zuwa 2020 ma ta yi irin haka. Wannan ya tabbatar baƙin hayaƙi na iya ɗaga kansa. Abin da ya rage a gardama shi ne yawansa: nawa birnin zamani na siminti da ƙarfe zai fitar, nawa kuma zai tsere wa ruwan sama.

A 2022 Lili Xia ta jami'ar Rutgers da abokan aikinta suka bi lissafin har cikin tukunya. Suka ce ƙaramin yaƙi irin wancan zai rage abincin duniya da wajen kashi 7 cikin 100. Babban yaƙin Amurka da Rasha kuwa zai rage shi da wajen kashi 90, yunwa ta iya kashe mutum fiye da biliyan 5, wato miliyan dubu 5. Lissafi ne, ba wahayi ba, akwai masu ganin ya yi yawa. Amma Alhaji, kai shaida ne a kan 2022. Yaƙin Rasha da Yukren, ba a jefa nukiliya ko ɗaya ba, amma ka ga inda buhun taki da na fulawa suka kai. Ina ga ranar da masu sayar wa duniya alkama da shinkafa suka rufe rumbunansu gaba ɗaya?

A Disamban 2024 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kafa kwamitin masana 21 su sake duba al'amarin, su kawo rahoto a 2027. Rabon Majalisar da irin wannan bincike tun 1988. Ƙasashe uku ne suka ƙi: Rasha, da Ingila, da Faransa. Nijeriya kuwa tana kan turbar da Tafawa Ɓalewa ya ɗora ta. Tana cikin yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 da ta haramta makaman nukiliya a Afirka, tana kuma cikin ƙasashen da suka ja gaba wajen yarjejeniyar haramta su a duniya ta 2017, ta tabbatar da ita ran 6 ga Agustan 2020.

To ga amsa a dunƙule. Baba, bam ɗin Reggane ya zuba guba, amma ba shi ya kawo fari ba. Alhaji, faɗa wa abokan rumfa cewa masana sun saɓa a kan yawan hayaƙin da tsananin sanyin, amma ba su saɓa ba cewa baƙin hayaƙi in ya haye gajimare yana tare rana. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan magana kam, har da wanda ke kwance a sheƙarsa. Ba mu da bam, ba mu da hannu a rigimarsu, amma gonarmu rana ɗaya take sha da tasu.

Abin da ke hannunmu shi ne abin da kakanni suka koya daga Kakalaba. Kada kuɗin kaka ya ruɗe ka ka share rumbu. Kada ka yar da irin gero da dawa mai saurin nuna don ka sami na zamani. In kuma masu neman ƙuri'a sun zo, a tambaye su abin da ke cikin rumbunan gwamnati. Wannan zai yi amfani ko da bam ko babu. Allah ya kiyaye mu, ya ba mu damina mai albarka.

Wanda ke da tambaya ya aiko, jakarmu a buɗe take. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.